Fafutukar ƴancin mata

Fafutukar ƴancin mata, wadda ake kira feminizim, tarin ra'ayoyi ne da ƙungiyoyi masu neman a daidaita mata da maza a haƙƙin siyasa, ilimi, aiki, mallakar dukiya da matsayi a gaban shari'a. Kalmar ta fito ne daga Faransanci, asalinta kuma kalmar Latin ce mai nufin mace. Masu wannan fafutuka sun yarda cewa an tauye mata a al'ummomi da yawa, amma sun saɓa a kan musabbabin tauyewar da kuma hanyar magance ta.

Tarihi

A shekarar 1791 Olympe de Gouges ta wallafa takardar neman haƙƙin mata a lokacin juyin juya halin Faransa, sannan a 1792 Mary Wollstonecraft ta Ingila ta fitar da littafi da ke cewa rashin ilimi ne ya bar mata a baya, ba halittarsu ba. Masana sukan raba abin da ya biyo baya zuwa zanguna.

Zango na farko ya mayar da hankali kan jefa ƙuri'a da mallakar dukiya. An yi babban taron farko a Seneca Falls da ke jihar New York a 1848, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Cady Stanton da Lucretia Mott. New Zealand ta bai wa mata ƙuri'a a 1893, Amurka a 1920, Faransa a 1944. Birtaniya ta fara da wasu matan da suka kai shekara 30 a 1918, ta daidaita su da maza a 1928.

Zango na biyu ya kankama a shekarun 1960, bayan tasirin rubuce-rubucen Simone de Beauvoir a 1949 da Betty Friedan a 1963. Ya taɓo batun albashi, zaman aure, tsarin iyali da cin zarafi a cikin gida. Zango na uku, daga shekarun 1990, ya soki na baya da cewa ya fi kula da damuwar fararen mata masu hali. Wasu na ƙirga zango na huɗu, wanda ya dogara da intanet, kamar gangamin MeToo da ya bazu a 2017.

A matakin duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 1979, aka yi taron Beijing a 1995, Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar Maputo a 2003.

Mazhabobi

Masu sassaucin ra'ayi suna ganin matsalar tana cikin dokoki da rashin dama, don haka gyaran doka da buɗe ƙofar ilimi da aiki su ne mafita, ba sai an rushe tsarin al'umma ba.

Masu tsattsauran ra'ayi suna cewa tushen matsalar shi ne tsarin da ya ɗora maza a kan mata a gida da waje, kuma gyaran doka kaɗai ba zai tumɓuke shi ba.

Masu ra'ayin gurguzu, bisa rubutun Friedrich Engels na 1884, suna danganta tauye mata da mallakar dukiya da jari-hujja. Sun fi nuni da aikin gida da reno, wanda mata ke yi ba tare da biya ba.

Baƙaƙen mata a Amurka sun nuna cewa launin fata da talauci da jinsi suna haɗuwa su danne mutum ɗaya a lokaci guda. Kimberlé Crenshaw ce ta ba wannan fahimta suna a 1989.

A Afirka, masana irin su Molara Ogundipe-Leslie da Obioma Nnaemeka sun gabatar da ra'ayoyin da ke jaddada uwantaka, sulhu da aiki tare da maza. Akwai kuma masu nazarin haƙƙin mata daga cikin nassoshin Musulunci, kamar Fatima Mernissi ta Maroko, duk da cewa malamai da dama ba su yarda da fassararsu ba.

A Najeriya

Matan Aba sun yi bore a 1929 kan jita-jitar ɗora musu haraji, Funmilayo Ransome-Kuti kuma ta jagoranci matan Abeokuta a shekarun 1940. A Arewa, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri saboda neman ƴancin mata, kuma sai a 1976 matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a. Ana yawan kafa hujja da Nana Asma'u da tsarinta na Ƴan Taru wajen nuna cewa ilimin mata ya daɗe a ƙasar Hausa.

Fafutukar haƙƙin maza

A farkon shekarun 1970 wasu maza a Amurka suka fara nazarin yadda al'ada ke ɗora musu nauyi. Daga baya tafiyar ta rabu biyu: wani ɓangare ya ci gaba da mara wa mata baya, ɗayan kuma ya ce maza ma ana tauye su amma ba a magana. Fitacce a ɓangare na biyu shi ne Warren Farrell, wanda a da yake cikin shugabannin reshen birnin New York na ƙungiyar mata ta NOW, kafin ya wallafa littafinsa mai musanta cewa maza ne ke da rinjaye, a 1993.

Ƙorafe-ƙorafensu sun haɗa da riƙon ƴaƴa bayan saki, tilasta wa maza kaɗai aikin soja a ƙasashe da yawa, yawan mace-macen maza a wuraren aiki masu haɗari, yawan masu kashe kansu a cikin maza, da ƙarancin mafaka ga mazan da ake cin zarafinsu a gida. A Birtaniya ƙungiyar Fathers 4 Justice ta yi fice da zanga-zanga kan haƙƙin iyaye maza. A Indiya kuwa ƙungiyoyin maza sun yi ta sukar sashe na 498A na tsohuwar dokar laifuka, suna cewa ana amfani da shi wajen ƙage. Ana bikin ranar maza ta duniya a 19 ga Nuwamba, kamar yadda ake na mata a 8 ga Maris.

Suka da muhawara

Masu sukar feminizim daga ɓangaren addini da al'ada suna zarginsa da raunana iyali da shigo da baƙin ɗabi'u. Masu kare shi suna amsawa da cewa auren dole, hana gado da hana ƴaƴa mata karatu matsaloli ne na cikin gida da ba sai baƙo ya nuna ba. Ita ma fafutukar maza ana sukar ta da cewa wasu rassanta, musamman a intanet, sun koma ƙyamar mata maimakon neman gyara. Wasu masana na ganin matsalolin ɓangarorin biyu tushensu ɗaya: tsayayyen zato game da abin da ya wajaba namiji ko mace su zama.