TAƘAITACCEN TARIHI: IYAYENMU DA SUKA SHIGO DA MARAICE

Godiya ta tabbata ga Allah Uba, wanda ya kawo mu wannan rana ta cikar ikilisiyarmu shekara 50. Ƙaunatattu cikin Ubangiji, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka bari mu duba baya, mu ga su wane ne Allah ya aza harsashin nan a kansu.

Bishara ta daɗe a ƙasar Kano kafin ta iso mana. An buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. A cikin shekarun 1930 Turawan Mishan na SIM suka zauna a Kano, suka yi jinyar kutare a Yadakunya, suka buɗe asibitin ido a 1943, aka kuma kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Duk da haka, a unguwannin Maguzawa na wajen Kura da Bunkure iyayenmu suna nan kan abin da suka gada: noman gandu, yanka wa iskoki, da giya a wurin biki.

Sai aka yi farin 1973, rumbuna suka bushe. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Mutanen da suka saba zaman rani ko tafiya ci-rani suka fara noman alkama da tumatir. Aikin ya kawo baƙi daga Filato da kudancin Zariya: magina, direbobin tarakta da malaman gona. Waɗansunsu masu bi ne. Ran Lahadi sukan taru a wata rumfar kara, su raira waƙoƙi da Hausa. Daga baya aka aiko musu da mai bishara, yana zaga unguwanni a kan keke tare da 'yan Sabon Rai Don Kowa. Rumfar nan ita ce majami'armu ta fari.

Kowa ya zaci samari ne za su fara amsa kira. Ba haka Allah ya shirya ba. Cikin 'yan ƙasa na farko da suka tuba, yawancinsu masu furfura ne, waɗansu har da jikoki.

Kada mu ɗauka abin ya zo musu da sauƙi. Mai gida shi ne ke riƙe da tsafin gida. In ya bari, 'yan'uwansa za su ce duk ciwon da ya shigo shi ya jawo. Wanda ya daina giya ya rasa abokan hira da masu zuwa masa gayya. Masu mata biyu ko uku sun tarar dokar ikilisiya ba ta yarda a yi musu baftisma ba. Waɗansunsu suka yi shekaru suna zama a bencin baya, ba su cin Jibin Ubangiji, amma ba su taɓa fasa sujada ba. Iyayenmu mata kuwa, bayan tsinkar tumatir, sukan zauna a gindin fitilar ƙwai suna koyon baƙi da wasali tare da jikokinsu, don su karanta Bisharar Markus da idonsu.

Babban tsoronsu shi ne ranar mutuwa: wa zai binne wanda ya bar hanyar kakanni? Allah ya amsa wannan sa'ad da dattijo na farko ya rasu a cikinmu. Danginsa suka tsaya daga nesa. Baƙin nan ma'aikata suka ɗauki diga da shebur suka haƙa kabari, Zumuntar Mata suka kwana da gwauruwar, suka yi tuwo, matasa kuma suka yi mata ban-ruwa har alkamarta ta nuna. Kafin a yi girbi, waɗansu daga cikin dangin nan sun shiga ajin baftisma. A ranar ne tsofaffinmu suka tabbata ba su rasa dangi ba, ƙari suka samu. Ba su kuma daina zama Hausawa ba: harshensu, gaisuwarsu da zumuncinsu da maƙwabta Musulmi, waɗanda suke shan ruwan magudana ɗaya, duk suka riƙe.

Mu da muka tashi a Makarantar Lahadi a ƙarƙashinsu shaidu ne. Misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20 ya cika a idonmu: waɗanda aka ɗauka da maraice sun karɓi lada daidai da na masu sammako.

'Yan'uwa, yau muna da gini na siminti da kwano, amma har yanzu akwai tsofaffi a unguwanninmu masu ganin lokaci ya wuce musu. In ɗayansu ya leƙo, kada mu tambaye shi me ya sa ya makara. Mu ba shi wurin zama a gaba, mu kira shi Baba, mu ziyarce shi ran Litinin. Haka aka karɓi iyayenmu.

Allah ya sa mu gama da kyau kamar yadda suka gama. Amin.