Tarihin Carbi: Daga Indiya Zuwa Birnin Zazzau

Ma'aikacin Ikkilisiya da aka tura ƙasar Zazzau ba zai kwana biyu ba sai ya lura da carbi. Yana hannun dattijo a bakin zaure, yana wuyan almajiri, yana rataye a madubin mota. Da yawa cikinmu mun ɗauka kayan Musulunci ne kawai, alhali yana da tarihi a wasu addinai, har da namu. Sanin tarihin nan zai taimake mu ga zama da maƙwabta, da kuma kiwon sababbin masu bi.

Asalinsa a Gabas

Mutanen Indiya sun daɗe suna ƙirga addu'a da 'ya'yan itace da aka shirya a zare, suna kiran abin mala. Mabiya addinin Buddha sun ɗauke shi, suka kai shi Tibet da Sin da Japan. Cikakken mala yana da ƙwaya 108, daidai da adadin sha'awace-sha'awace da ruɗe-ruɗen da suke koyarwa cewa su ne ke ƙazantar da zuciya. Wani tsohon littafinsu da aka adana da harshen Sin ya ba da labarin sarkin da annoba da fitina suka dami ƙasarsa. Aka umarce shi ya huda 'ya'yan wani itace 108 ya sa a zare, ya riƙa ambaton Buddha da koyarwarsa da jama'arsa a kan kowace ƙwaya. Abin lura shi ne, sarki aka ba wannan shawara, mutum mai hidima da yawa wanda ba shi da halin keɓewa a daji. Aikin carbi tun farko ke nan: ya tsare hankalin mai shagulgula, yatsa na ƙirga, zuciya na wuri ɗaya.

A Cikin Ikkilisiya

A ƙarni na 4, wani mai ibada a hamadar Masar, Bulus na Farme, yakan tara tsakuwa 300 a cikin rigarsa, ya jefar da ɗaya bayan kowace addu'a. Daga baya a Turai, 'yan'uwan da ba su iya karatu ba sukan maimaita Addu'ar Ubangiji sau 150 a madadin Zabura 150, suna ƙirgawa da igiya mai ƙulli ko ƙwayoyi. Daga nan rozari ya samo tushe, Paparoma Piyus na Biyar kuma ya tabbatar da tsarinsa a 1569. Ikkilisiyoyin da suka fito daga gyaran da Martin Luta ya fara a 1517 sun ajiye shi, don gudun kada a ɗauka yawan ƙirga ne ke sayen alherin Allah.

A Birnin Zazzau

Musulmin farko sun ƙirga tasbihi da yatsu, da ƙwallon dabino, da tsakuwa. Carbi ya yaɗu ta hannun Sufaye. Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya kuma taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta ɗan littafi yana kare halascinsa. Carbin da aka fi sani yana da ƙwaya 99, kashi uku na 33, don tasbihin bayan salla.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, saboda haka Ƙadiriyya ta sami gindin zama bayan jihadin 1804. Tijjaniyya ta biyo baya. Alhaji Umaru Futi ya yi shekaru a Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Zariya kuma ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da ɗariƙar ta fara kafuwa, da malamai irin su Umaru Wali. Batijjane yana da lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. A wazifa kuma akwai istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Shi ya sa carbinsa ƙwaya 100 ne, da alamomi a kan ta 12 da ta 30 da ta 50. Wanda ya san wannan, da ganin carbi a hannun mutum yakan gane ɗariƙarsa.

Su kansu Musulmi ba bakinsu ɗaya ba. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawara ta yi zafi a kan wuridin ɗariƙu, wasu malamai kuma suka ce ƙirga da yatsu ne sunna. Fasto ya kiyaye harshensa a nan, kada ya tsoma baki a gardamar da ba tasa ba.

Dokta Walta Mila na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a cikin birni daga 1905, kafin mishan ya koma Wusasa a 1929. Shi da abokan aikinsa 'yan bishara ne, ba su zo da rozari ba. Abin da suka sa a hannun masu bi shi ne littafin addu'a, da waƙoƙi, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932. Mun gaji wannan, gado ne mai kyau. Amma mutumin da ya saba tun yana yaro da ambaton Allah sau ɗaruruwa kullum, in ya ba da gaskiya aka ce ya ajiye carbi ba a koya masa wani tsari ba, asubarsa takan zama wofi. Wani ma yakan ɗauka cewa Kirista ba ya ibada sai ranar Lahadi.

Darasi Ga Ma'aikaci

Matiyu 6:7 ya hana surutun da ake zaton yawansa ne zai sa a ji mu. Bai hana maimaitawa ba, gama Zabura 136 tana da amshi ɗaya sau 26, Yesu kuma ya yi addu'a iri ɗaya har sau uku a Getsamani. Saboda haka sai mu tambayi mai carbi ko mai rozari abin da yake dogara a kai.

Tambayar ta ƙara muhimmanci yanzu da ake tallar awarwaron duwatsu irin na mala a intanet, ana cewa suna kwantar da hankali, suna kawo lafiya da sa'a. Zama shiru da maimaita kalma a hankali yakan kwantar da zuciya, wannan sananne ne. Amma in aka ce ikon yana cikin dutsen, an koma ga laya da guru ke nan, ko da sunan ya sake. Matasanmu suna saye, ya kamata su ji wannan bambanci daga bakinmu, cikin haƙuri.

Tambayoyin Nazari

1. Wane tsarin addu'ar safe da yamma za ka koya wa sabon mai bi wanda bai iya karatu ba?
2. Yaya za ka bayyana wa ɗan Ikkilisiyarka bambancin abin ƙirga da laya?
3. Karanta Luka 18:9-14. Me ya sa aka karɓi gajeriyar addu'ar mai karɓar haraji?