Launi da Lamba: Gurbin Rinin Tsufa a Makin Dalar Morgan

Ma'aunin maki 1 zuwa 70 da William Sheldon ya fito da shi a 1949, da yadda kamfanonin tantance sulalla na PCGS da NGC suka ɗora sana'arsu a kansa daga 1986 da 1987, sanannen abu ne ga masu nazarin sulalla. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ra'ayin nan da ake kira makin kasuwa, wanda ke cewa idan rinin tsufa ya ƙawata dalar azurfa har ta ɗauki ido, ya halatta a ɗaga ta daga makin MS-64 zuwa MS-65 ko da ƙujewar da ke kumatun hoton da ke fuskarta ba ta cancanci haka ba. A ganina wannan kuskure ne, kuma ba ƙarami ba.

Mu duba dalar Morgan, wadda Amurka ta buga daga 1878 zuwa 1904, sannan a 1921. Miliyoyinta sun shafe shekaru a ɗaure cikin buhuna, dubu-dubu, a rumbunan baitulmali. Wadda ta jingina da jikin buhu takan sha farar wutar da ke cikin zaren, sai wani siririn ɓawo ya hau fuskarta. Kaurin ɓawon ne ke sarrafa haske: ruwan zinariya da farko, sai ja-ja, sai shuɗi, sai kore. Wani lokaci har saƙar buhun ake gani a kwance a kan azurfar, ko kuma launin ya tsaya kamar jinjirin wata, domin wata dala ta rufe sauran fuskar. Na yarda abin yana da kyau matuƙa. Sai dai babu ko ɗaya a cikin wannan da ya goge ƙujewa guda.

Hujja mafi ƙarfi da masu makin kasuwa ke kawowa ita ce ta tarihi. Suna cewa ai Sheldon kansa farashi yake nufi da lambobinsa, domin a lissafinsa sentin jan ƙarfe mai maki 70 ya ninka mai maki 1 sau saba'in a kuɗi. To, in ji su, tunda mai saye yana biyan ninki a kan launi, me zai hana lambar ta faɗi gaskiyar kasuwa? Hujjar ba ta banza ba ce, amma tarihin da ta dogara da shi shi ne ya kayar da ita. Wannan lissafi na Sheldon bai daɗe ba ya wargaje, farashi ya kama gabansa, lambobin kuma suka tsira ne kawai saboda an mai da su bayanin halin da ƙarfen yake ciki. Lalacewar fuskar dala ba ta sauyawa da yayi. Sha'awa kuwa tana sauyawa. An yi zamanin da fari fat ake nema, ana tsoma daloli a ruwan sinadari don a wanke su, wasu har suka rasa sheƙinsu na asali. Yau bakan gizo ake rububi. Kamfanin da ya rufe dala a cikin roba da makin da ya auna da sha'awar bana, ya yi wa mai sayen shekara ashirin masu zuwa alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Ga kuma ƙofar da ake buɗe wa masu haɗa launi da zafi ko hayaƙin farar wuta. Sinadarin da ke kan dalarsu ɗaya ne da na buhu, shi ya sa ƙwararru kan saɓa a kan dala guda: wannan ya ba ta maki, wancan ya ce launinta abin shakka ne.

A nan dole in rage faɗin da'awata. Masanin sinadarai Weimar White ya daɗe yana cewa rini ci ne da ake yi wa ƙarfe, kamar tsatsa, kuma a matakin ƙarshe da wuya a musa masa. Idan ɓawon ya yi kauri ya koma baƙi, ya riga ya cinye siraran layukan da bugu ya bari, waɗanda su ne ke sa haske ya kewaya fuskar dala idan an karkata ta a ƙarƙashin fitila. Wannan asara ce ta ƙarfe, dole ta rage maki. Iyakar abin da nake iya karewa shi ne: rini ya taɓa lamba a inda ya kashe sheƙi kaɗai, kuma ƙasa zai ja ta.

Kyau kuwa yana da wurinsa a gefen lambar, kuma hanyar ba sabuwa ba ce. Sulallan jan ƙarfe an daɗe ana rubuta musu RD, RB ko BN, gwargwadon jan da ya rage, ba tare da an cusa shi cikin maki ba. NGC na sa tauraro ga wadda ta fi ɗaukar ido. Dala mai MS-64 da tauraro ta gaya wa mai saye abu biyu, ya san wanne yake biya wa kuɗi. Mai MS-65 da aka ɗaga saboda launi kuwa, sai mai saye ya sa gilashi a kumatun kafin ya gane abin da aka sayar masa.