Agogon Aljihu: Daga Maƙeran Turai Zuwa Kasuwannin Makka

Tun kafin a san agogo a ƙasar Hausa mutane suna da hanyarsu ta sanin lokaci. Inuwa ita ce ma'auni: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Ita kanta kalmar agogo aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa, kuma abin da ya sa ake cewa ƙarfe biyu ko ƙarfe uku shi ne, a dā wani ƙarfe ake bugawa don a sanar da sa'a. Hanyoyin da agogo ya biyo ya shigo aljihun Bahaushe suna da yawa, amma babu wadda ta kai hanyar Makka daraja.

Asalin agogon aljihu daga ƙasar Jamus yake. Wajen shekarar 1510 wani maƙeri mai suna Peter Henlein, a birnin Nuremberg, ya shahara da ƙera ƙananan agogai waɗanda wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe yake juyawa, maimakon nauyin da ake ratayawa a jikin agogon bango. Agogan farko hannu ɗaya gare su, mai nuna sa'a kawai, kuma a wuya ake rataya su kamar laya. Ba su cika faɗin gaskiya ba. Sai a 1675 wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya fito da dabarar da ta daidaita bugun agogo, har aka ga amfanin sa masa hannun minti. A wannan zamani kuwa falmaran ta shigo yayi a Ingila, agogo ya sauko daga wuya ya shige aljihu.

Ba da agogo kyauta ya girmi agogon aljihu nesa ba kusa ba. A shekarar 807 jakadun Halifa Haruna Rashid suka kai wa Sarki Sharlaman na Turai agogo mai aiki da ruwa, ya zama abin mamaki a fadarsa. Bayan ƙarni da yawa sai kyautar ta juya: jakadun Turai ne suke kai agogai fadar Sarkin Musulmi a Istambul. Maƙeran Janiba da na Landan suka shiga ƙera agogai musamman domin kasuwar Daular Usmaniyya, da lambobi irin na Turkawa a fuskarsu. Mahaifin shahararren marubucin nan Jean-Jacques Rousseau ma ya yi shekaru yana sana'ar agogo a Istambul. Tun da yake Hijaz tana ƙarƙashin wannan daula tun daga 1517, ayarin alhazai na Sham da na Masar suka riƙa shigo da irin waɗannan agogai Makka.

To, amma agogon Makka ba irin lissafin Turai yake bi ba. A wurin Musulmi faɗuwar rana ce farkon sabuwar rana, saboda haka da an kira sallar magariba sai kowa ya ciro agogonsa ya mai da shi ƙarfe 12 daidai. Da yake rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya kullum, gyaran ba ya ƙarewa. A Masallacin Harami shugaban ladanai yana bisa ginin rijiyar Zamzam yana duban inuwa, shi ne kuma sauran ladanai suke bi. Watau rana ce shugaba, agogo baranta ne. Wannan lissafi bai gushe ba a Saudiyya sai cikin shekarun 1960.

Akwai shaida kan yadda agogo yake a idon matafiya. A 1853 Baturen Ingila Richard Burton ya ɓad da kama ya shiga Makka. Ya ba da labarin cewa kafin ya tashi ya cire wa agogonsa gidan zinariya, ya sa masa na tagulla, da fuska mai lambobin Larabci, don kada ya ja hankalin ɓarayi. A lokacin agogo kayan masu hali ne. Abin da ya sauke farashinsa shi ne aikin masana'antu, musamman tun daga 1867, sa'ad da Georges Roskopf ya fito da agogo mai araha a ƙasar Suwizalan, wanda ɗan ƙwadago ma zai iya saye.

Alhazan Afirka ta Yamma kuwa, a dā tafiyarsu ta ƙasa ce, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, wasu su yi shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙwadago. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je ta jirgin ruwa a 1921, daga shekarun 1950 kuma jirgin sama ya mai da tafiyar ta 'yan makonni. Alhazai suka yawaita, tsaraba ta yawaita. Kafin aikin faɗaɗa Harami da aka fara a 1955, kantuna ne jere a gefen hanyar sa'ayi, tsakanin Safa da Marwa, ga kuma kasuwar Suwaiƙa nan kusa. Alhaji ya sayi dabino da carbi da hula da darduma, ya ɗebi ruwan Zamzam, wani ya sa haƙorin Makka. Agogo kuwa sai a ajiye shi don mahaifi, ko suruki, ko malami, ko limamin unguwa.

Me ya sa agogo ya fi sauran tsaraba? Dabino a cinye, turare ya ƙare, tufa ta tsufa, amma agogo yana nan yana bugawa. Ba shi da nauyin ɗauka, ga shi da daraja. Murfinsa yana karɓar rubutu, a zana sunan mai bayarwa da shekara. Kullum sai an wana shi, kullum kuwa aka wana sai an tuna da wanda ya kawo. Sau biyar a yini mai shi zai ciro shi ya duba lokacin salla, don haka mai tsarabar yana sa ran lada. Sarakunan Saudiyya ma sun riƙi wannan al'ada: Sarki Sa'ud ya sha ba manyan baƙi agogai masu hotonsa a fuskarsu.

Amma zamani riga ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji suka ga ba su da sukunin laluben aljihu, suka ɗaura agogo a hannu, jama'a suka bi su. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, yanzu kuma wayar hannu ce take sanar da lokacin salla. Sarki Abdul'aziz ya sa an kafa babban agogo kusa da Harami a 1933. A 2010 wani ya fara aiki a kan bene mai tsawon mita 601, faɗin fuskarsa mita 43, ana hango shi daga nesa.

Duk da haka, gidan da aka gaji agogon aljihu na wani tsohon alhaji, ba a cika sayar da shi ba, ko da ya daina aiki. Ba don sanin lokaci ake ajiye shi ba, sai don shaida ce cewa wani daga cikin zuriyar ya taka ƙasa mai tsarki, ya kuma tuna da na gida.