Mafarkin Gari Guda: Arlit a Hannun Masu Fasaha

Tun da André Breton ya fitar da manufar 'yan Surrealisme a Faris a 1924, masu nazarin zane suka saba neman mafarki cikin kan mutum guda, bisa koyarwar Freud: abin da zuciya ta danne da rana shi ke fitowa da dare. Wannan ma'auni ya yi wa Arlit kaɗan. A ƙasar Abzin, inda garin Arlit yake, Buzaye kan danganta taɓuwar hankali da Kel Essuf, iskokin daji, kamar yadda Bahaushe ke cewa iska ta bugi wane. Ɓoyayyen abu daga waje yake zuwa.

Mai zane Hawad, haifaffen Abzin a 1950, yakan watsa haruffan tifinag na Buzaye a takarda da saurin mai hawan iska, har su daina karantuwa, su koma zane tsantsa. Turawa za su so su kira shi ɗalibin Breton, amma aikinsa ya fi kusa da kiɗan tende da ake yi wa wanda iskoki suka kama.

Fina-finai ne suka fi fito da hujjar. Kamfanin Somair ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kamfanin Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978, albashi ya janyo mutane daga ko'ina. A fim ɗinsa na 2005, Idrissou Mora-Kpaï, ɗan Benin, ya ɗauki laƙabin garin, Faris ta biyu, ya aza shi kusa da tsofaffin ma'aikata marasa lafiya da baƙin da suka maƙale a hanyar Aljeriya. Mafarkin na garin ne gaba ɗaya, a farke kuma aka yi shi.

Aikin Amina Weira ya fi wuya, don gubar yuraniyom ba ta da launi, ba ta da wari. Ta yaya kyamara za ta kama ta? A fim ɗinta na 2016 ta bi mahaifinta, wanda ya shekara 35 a mahaƙa, ta kuma tsaya kan guguwar da ke rufe gari. Mai kallo ƙura kawai yake gani, sauran kuwa zuciyarsa ke ƙarasawa. Tsoron yana da tushe: a 2003 masanan ƙungiyar CRIIRAD sun tarar da gurɓatattun ƙarafan kamfani a kasuwar Arlit, irin waɗanda maƙera ke saye.

An rufe Cominak a Maris 2021, tulin sharar yana nan a gefen Akokan. Duk manazarcin da ya fassara guguwar Weira da damuwar ƙuruciyarta kaɗai, to, ya sauke wa kamfanin nauyi.