Kwalin Kaset Da Bangon Faifai: Tarihin Da Ya Wuce Ta Ƙofar Gidanmu



Kwanakin baya wata 'yarmu da ke karatun zane da tsara ɗab'i a Inugu ta zo mana da wata buƙata. An ba su aiki a makaranta: kowane ɗalibi ya zaɓi mawaƙi ɗaya, ya tsara masa kwalin faifai tun daga gaba har baya, da takardar ciki, da rubutun gefe. Abokan karatunta suka zaɓi mawaƙan zamani, ita kuwa ta ce Ɗan Maraya Jos za ta yi wa. Sai ta roƙi iyaye a ara mata tsofaffin kasakasai don ta ga yadda aka saba yi. Muka bi gidaje da shaguna, daga Asata har Gariki, muka aika wa 'yan uwa na Anacha. Abin da aka tattaro bai cika leda ɗaya ba, kuma yawancinsu TDK ne da Maxell da aka rubuta sunan mawaƙi da biro a jikinsu. Masu kwali na asali ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Abin ya dame mu, domin mun zauna shekara da shekaru a bakin wurin da wannan sana'a ta fi ƙarfi a ƙasar nan.

Bari mu koma baya kaɗan. Faifan garmaho na farko ba shi da wani bango na a zo a gani. Takarda ce ruwan ƙasa, mai rami a tsakiya don a karanta sunan waƙa. A Amurka, wajen 1940, wani matashi mai suna Alex Steinweiss da ke aiki da kamfanin Columbia ya shawo kan shugabanninsa su riƙa sa zane a bangon faifai, kuma ciniki ya nuna yana da gaskiya. A 1948 kamfanin ya fito da babban faifai mai faɗin inci 12, wanda ya ba mai zane fili kamar ƙaramin allo. A 1963 Philips ya kawo kaset, fili ya tsuke ya koma kamar tafin hannu. Faifan CD ya zo a 1982. Yau kuwa bangon ya zama ɗan hoto a fuskar waya, wanda babban yatsa ke iya rufewa.

A nan gabas, labarin ya fi armashi bayan yaƙin basasa. Da aka gama yaƙi a 1970 babbar kasuwar Anacha kango ce, iyayenmu da suka bar garin a 1966 suka fara dawowa sannu a hankali da shanu da albasa da wake. A cikin waɗannan shekarun ne garin ya zama cibiyar faifai. Kamfanin Rogers All Stars ya fitar da Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976, bayan manyan kamfanonin Legas sun ƙi waƙar, kuma ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fi sayuwa a tarihin Afirka. Kamfanin Cif Tabansi shi ma ya kafu a garin da ɗakin ɗaukar murya, shi ne ya fitar da Prisoner of Conscience na Majek Fashek a ƙarshen shekarun 1980. Daga baya titin Iweka ya cika da dillalan kaset da na finafinai. Duk wanda ya sauke kaya a Bakin Gada ya nufi cikin gari a wancan lokacin, ya san yadda bangwayen nan ke jere a gaban shaguna kamar atamfa.

A Legas kuma akwai Lemi Ghariokwu, wanda bai yi karatun zane a jami'a ba, amma ya zana wa Fela Kuti bango 26, farawa da Alagbon Close a 1974. Shi kan zauna ya saurari waƙar tukuna, sannan ya mayar da ita hoto. A bangon Beasts of No Nation na 1989 ya zana Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P.W. Botha da kamannin dodanni. Ko mutum bai da garmaho, idan ya kalli bangon ya san abin da Fela ke faɗa. Yau ana baje kolin waɗannan zane-zane a ƙasashen waje, ana koyar da su.

To mu fa? Mawaƙanmu ba su rasa faifai ba. Kamfanin EMI ya buga wa Alhaji Mamman Shata, kuma wasu daga cikin manyan makaɗan Arewa sun shiga faifai da kaset. Amma galibin bangon da ya iso hannunmu iri ɗaya ne: hoton mawaƙi cikin babbar riga da hula, sunansa da manyan baƙaƙe, jerin waƙoƙi a baya. Ba mu raina hoton ba, don shi ne ya sa yaron da aka haifa a Diyobu ya san fuskar Shata. Matsalarmu ita ce abin da ba a rubuta ba. Da wuya ka ga sunan masu kalangu ko 'yan amshi. Da wuya ka ga inda aka ɗauki waƙar, ko don wa aka yi ta. Sau da yawa ko shekara babu. Ga kuma rubutun, wanda maɗaba'ar da ba ta da ƙ da ɗ da ɓ ta buga, ko mai ɗab'in da bai jin Hausa ya jera, sai ka ga an mayar da ƙasa kasa, an mayar da ɗaki daki.

Kuma gaskiya mu kanmu ba mu taimaka ba. Wa ke sayen na asali a wancan lokacin? Kaset fanko muke saya, mu kai wa mai shago a unguwa, ya ɗaukar mana Shata a gefe ɗaya, Ɗanƙwairo a ɗaya gefen. Direbobin manyan motoci da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Fatakwal su ne suka fi yaɗa waƙoƙin nan, kwafi bisa kwafi har murya ta dusashe. Mun samu waƙa da araha, amma duk wani bayani da ke tare da ita ya zube a hanya. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Yanzu idan gardama ta tashi a majalisa kan shekarar da aka yi wata waƙa, sai dai mai ƙarfin murya ya ci.

Inda kwali ya samu daraja a wurin Bahaushe shi ne harkar fim. Bayan Turmin Danya a 1990, da kasuwar finafinan Kano ta buɗe, sai aka samu wani tsari mai ban sha'awa a Ƙofar Wambai. A wancan lokacin mai fim ba ya buga dubban kasakasai da kansa. Yakan ba dillalai uwar kaset, sannan ya buga kwalaye ya sayar musu, su kuma su kwafi fim ɗin a kan nasu kaset su saka a ciki. Wato kuɗin mai fim a jikin kwali yake, kuma kwalin ne shaidar cewa kaya ba na sata ba ne. Wani manazarci, Brian Larkin, ya yi bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008. Shi ya sa kwalayen finafinai suka fi na waƙa ƙyalli da launi da cunkoson fuskoki, irin na Indiya. Irinsu ne suka cika tebura a unguwanninmu na nan kudu har zuwa lokacin da CD ya kore su, shi ma waya ta kore shi.

Akwai wani abu da muka tuna wa 'yar tamu don kada ta ga kamar baƙuwa ce a ajinsu. Uche Okeke, wanda ya jagoranci sashen zane na Jami'ar Nsukka bayan yaƙi, a Kafanchan ya tashi, a Zariya ya yi karatu, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Abin da suka tsaya a kai shi ne ɗalibi ya koyi dabarar Turawa amma ya ɗebo daga gidansu. Shi ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Ita kuwa tana da dagi, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da aska takwas na wuyan riga, da zayyanar allo, da rubutun ajami. Ba sai ta ara ba.

Mun ga abin da ta fara. Ba ta sa fuskar Ɗan Maraya a gaba ba. Kuntigi ta zana shi kaɗai, da tsirkiyarsa ɗaya ta ratsa bangon daga sama har ƙasa, ta zagaya baya ta zama layin da aka jera sunayen waƙoƙi a kai. Wasu dattawa sun ce ba su yarda ba, wai faifai ba fuska kamar gida ne ba ƙofa. An yi ta ja-in-ja, a ƙarshe ta mayar da hoton cikin takardar ciki. Inda ta maƙale shi ne shafin bayani: malaminta ya ce lallai a sa shekara da wurin ɗauka ga kowace waƙa, ita kuwa ba ta samu ko ɗaya a kasakasan da muka ba ta ba.

Saboda haka muna roƙo. Duk mai tsohon faifai, ko kaset mai kwali, ko kwalin fim, ko da abin cikin ya lalace, kada ya zubar. A duba ƙarƙashin gado da cikin adaka da saman silin shago. A ɗauki hoton gaba da baya da gefe, a wurin da ke da haske, a turo wa wannan shafi ta akwatin saƙo, tare da garin da aka saya da shekarar idan an tuna. Wanda bai iya ɗaukar hoto ba ya riƙo shi zuwa taron wata, za a ɗauka a mayar masa da kayansa a nan take. Ita dai makonni uku suka rage mata ta miƙa aikin.