Rawar da Ɓera Ke Takawa a Yaɗuwar Leftosifirosis a Gonakin Aladu

A shekarar 1886 wani likita Bajamushe, Adolf Weil, ya bayyana wani ciwo mai zuwa da zazzaɓi da shawara da lalacewar ƙoda, wato leftosifirosis. Sai a 1915 wasu masu bincike a Japan, Inada da Ido, suka ware ƙwayar da ke haddasa shi, siririyar bakteriya mai murɗaɗɗen jiki da ake kira Leptospira, ba a kuma jima ba suka gano ta a ƙodar ɓeraye. Tun daga nan laifin ya rataya a wuyan ɓera. Zargin yana da tushe, amma a gonar aladu ɓera ba shi kaɗai ne ma'ajiyar cutar ba, kuma rashin fahimtar hakan ne ke sa masu kiwo asarar kuɗi a banza.

Ƙwayar tana da nau'o'i fiye da 250, kowanne da dabbar da ya saba da ita. Babban ɓeran kwata, Rattus norvegicus, shi ne gidan Icterohaemorrhagiae da Copenhageni. Ɓeran gida yana ɗauke da Ballum, wasu ɓerayen daji a Turai kuma Grippotyphosa. A jikin mai masaukinta ƙwayar ba ta ta da fitina. Takan zauna a cikin ƙananan bututun ƙoda, tana fita da fitsari na tsawon watanni, sau da yawa har ƙarshen rayuwar ɓeran, shi kuwa yana yawonsa lafiya lau. Wannan ne ya sa mai gona ba zai taɓa gane ɓera mai cuta da ido ba.

Daga fitsarin zuwa jikin alade sai an samu laima. Ƙwayar ba ta jure bushewa ko hasken rana mai ƙarfi ko ruwa mai tsami, amma a taɓo da ruwan da ya kwanta takan yi makonni a raye. Ɓera na shiga rumbun abinci da dare, ya ci dusa ya yi fitsari a kai, ya sha a kwamin ruwa, ya bi magudanar da ta ratsa ɗakuna. Alade kuma dabba ce mai tonon ƙasa da hanci da birgima a caɓi, sai ƙwayar ta shiga ta ido ko hanci ko baki ko wani ƙaramin rauni a fata. Wani lokaci ma aladen kan cinye ɓeran ɗungurungum.

Misali mafi bayyana yana ƙasar Danmak. A tsibiran Lolland da Falster ake samun wani ɓeran daji mai baƙin zane a gadon baya, Apodemus agrarius, wanda ke ɗauke da ƙwaya daga dangin Pomona. A waɗannan tsibirai ne likitocin dabbobi suka daɗe suna ganin ɓarin ciki a garken aladu saboda wannan ƙwaya, alhali sauran sassan ƙasar da babu ɓeran ba su cika fama da ita ba. Iyakar cutar ta bi iyakar mazaunin ɓeran. A ganina, da wuya a samu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a kan rawar ɓera.

Sai dai alade ma yana da nau'o'insa: Pomona, wadda aka fara ware ta a Kwinslan ta Ostareliya a 1937, da Tarassovi, da Bratislava. Waɗannan suna zagayawa daga alade zuwa alade ba tare da ɓera ko ɗaya ba. Bratislava ma takan laɓe a hanyar mahaifar mace da al'aurar namiji, ta yaɗu ta barbara. Saboda haka gonar da ta kashe ɓerayenta kaf tana iya ci gaba da asara idan ta sayo namijin barbara mai ɗauke da cutar.

Babbar alamar cutar a garke ita ce ɓari. Cikin alade kwana 114 ne, ɓarin kuma yakan zo a makonnin ƙarshe, ko a haifi 'ya'ya matattu, ko raunana da ba sa wuce 'yan kwanaki. Uwar kanta ba lallai ta nuna ciwo ba. Gwajin jini da ake kira MAT yana nuna dangin ƙwayar, kuma a nan amfaninsa yake: idan Icterohaemorrhagiae ce ta fito, a duba rumbu da magudana; idan Bratislava ce, a fara da dabbobin da aka shigo da su. Allurar rigakafi tana kare dabba ne daga nau'o'in da aka zuba a cikinta kawai, maganin streptomycin kuma yana rage fitar ƙwayar daga ƙoda amma ba ya hana sabon kamu.

Guba kaɗai ba ta raba gona da ɓera. Macen ɓera tana haihuwa kimanin kwana 22 bayan ɗaukar ciki, don haka muddin abinci na zube, waɗanda suka tsira za su cike gurbin cikin ɗan lokaci. Abin da ke aiki shi ne rufe abinci a mazubi mai murfi, toshe ramuka, share ciyawar da ke jikin bango, da gyara daɓe yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke aikin. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.03 ke kamuwa a duniya duk shekara, kimanin 58,900 kuma suna mutuwa. Mai wanke ɗaki ba takalmi da mai kwashe mabiyiya da hannu tsirara su ne a sahun gaba. A yankunan da ake kiwon aladu a Najeriya, kamar kudancin Kaduna da Filato, zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sha-raɓa sukan wuce a matsayin maleriya. Ɓeran gona kuma yana tsallakawa gidan maƙwabci, ko da maƙwabcin bai taɓa kusantar alade ba. Ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar mai zazzaɓi sana'arsa da inda yake zaune, musamman da damina, domin maganin doxycycline ko penicillin yana aiki sosai idan aka fara shi da wuri.